Shekarar da Hauwa Ta Karɓi Bindigata

Na san abin da ake faɗa a unguwarmu ta Zongo, don tsufa bai toshe mini kunne ba tukuna. Ana cewa gwaggonku Hauwa ta dawo daga yawon Turai da tabarau a ido, ta karɓe wa ubanta bindiga, ta ja aka sauke shi daga shugabancin direbobin tashar Gema. Rabin maganar gaskiya ce. An karɓi bindiga, an kuma sauke ni. Sauran rabin ne nake so ku ji daga bakina, ku jikokina, tun ina da numfashin faɗa, don kada wata rana ku ji kunyar sunan da ya kamata ku yi alfahari da shi.

Kafin in zo kan Hauwa, sai na fara da Alhaji Idi. Ba'adare ne, daga wajen Tawa a Nijar, mutum mai tsayi da taurin kai. Mun haɗu muna samari a kan hanyar Arlit, lokacin da muke tuƙa manyan motocin kamiyo muna ɗauko uraniyum daga hamada mu sauke a gar, wato tashar jirgin ƙasa, a nan Paraku, jirgi ya wuce da shi Kwatano. A cikin durom yake zuwa, a rufe ruf, jandarmomi a gaba da baya. Ba mu taɓa ganinsa da ido ba. An dai ce mana gari ne rawaya, shi ya sa muke ce masa kurkum. Ni da Idi mun ci a kwano ɗaya a hanyar nan shekara da shekaru, ya canza mini taya, na ja motarsa daga rairayi. Da muka bar aikin kurkum muka koma jigilar auduga da ƙwayar kaju ta garin Jugu, ni na kai shi masaukin kakanninmu, gidan Inna Gambo. Ni na kuma ba shi ƙanwata Ladi da hannuna. Ya zauna a Jugu, ya yi gida, ya yi motoci, ya haifi 'ya'ya da ke jin yaren Dendi fiye da shi. Duk da haka takardunsa na Nijar ne, kuma bai taɓa yarda a ce masa ɗan Benin ba.

Ita kuwa Hauwa, tun tana ƙarama ta fita daban. Idan yara suna faɗa a tsakar gida, ba ta gudu ta kai ƙara, ba ta kuma shiga. Sai ta tsaya ta ji wannan, ta ji wancan, har su gaji da kansu. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a nan, ta wuce Kwatano, ta shiga aikin harkokin waje. Daga baya aka riƙa tafiya da ita manyan taruka a ƙasashen Turai, inda ƙasashen duniya ke zama kan yadda za a rage makaman nukiliya, in da hali a rabu da su gaba ɗaya. Ni dai abin dariya yake ba ni. Ƙasarmu ko tankar yaƙi ta kirki sai an ƙirga, amma ga 'yata tana zuwa ta ce wa masu bom su ajiye. Duk zuwanta gida sai na tsokane ta, in ce ga wadda ake biya don ta yi wa kurame magana.

Wata rana na yi tsokanar muna shan fura a zaure. Ta yi dariya, sannan ta tambaye ni ko na san abin da ake yi da kurkum ɗin da na yi ƙuruciyata ina ɗauka. Na ce wutar lantarki, haka aka gaya mana.

"Haka ne, Baba," in ji ta. "Amma in aka ƙara tace shi, aka sake tacewa, da shi ake yin bom ɗin da ƙwaya ɗaya tak za ta shafe gari kamar Paraku, da Zongo da Ganu da Gema, kafin ka ajiye wannan ludayin. Ba na cewa naka can ya tafi. Ina dai cewa daga ƙasarmu yake fita, ta ƙofar gidanmu ya bi. To don me za a yi zancensa ba mu a wurin?"

Na ƙarasa shan furata. Amma daga ranar na rage tsokanar, kuma na fara kasa kunne in rediyo ya zo kan maganar.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka tsakaninmu da Nijar. Ku da kuke yara ba za ku tuna yadda garin nan ya koma ba. Motoci suka yi layi da kaya, albasa ta ruɓe, direbobi suka sayar da wayoyinsu suka ci abinci. Ana ta maganar za a tura sojoji, ga kuma 'yan bindigar daji suna tare hanya a arewa. Aka shekara, aka shiga wata shekarar, iyaka ba ta buɗe ba. Mutanen da suka yi sallah sahu ɗaya tun kafin a haifi iyayenku suka fara kallon juna a kaikaice. Samarinmu na cewa mutanen Nijar ne ke kai wa 'yan daji man fetur. Su kuma suna cewa mu ne muka saukar da sojojin waje don a kai musu hari. Kowa da abin da ya ji a waya, babu wanda ya gani da ido.

Ana cikin haka wata motar Idi ta ƙone ƙurmus a tashar Gema, tashar da nake shugabanta. Har yau ban san wanda ya sa wutar ba, ko ma wayar batir ce ta haɗu. Amma kwana kaɗan kafin nan an ji ɗana Bashir yana cewa motar 'yan Nijar ba ta ƙara lodi a Gema, don haka 'ya'yan Idi suka ce shi ne. Ba a jima ba aka tare wata motarmu a Jugu, aka fasa gilashi, aka karya wa direban hannu. Na kira Idi a waya ina zaton za mu yi maganar manya. Ya ce mini in dai ba Bashir zan miƙa masa ba, kada in sake kiransa. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce ya tuna a ƙasar wa yake zaune. Wannan kalmar ita ta yanke wayar.

Daga nan kowa ya shiga tanadi. Ina da wata tsohuwar bindiga mai baki biyu tun zamanin hanyar hamada, na ciro ta na shafa mata mai. Bashir ya samo ƙirar maƙera guda biyu. Labari ya zo mana cewa gidan Idi ma sun tanada, kuma lalle labarinmu ya je musu. Ba wanda ya je wurin jandarmomi. Idi na tsoron a mai da abin rikicin ƙasa da ƙasa a kore shi, ni kuma ina tsoron a kama Bashir. Ladi ta daina zuwa gida. Ko da aka yi sunan jikana ba ta zo ba, sai turmin atamfa ta aiko a ɓoye. Abin da nake gani yana tafe shi ne, ko ɗana ya kashe ɗan ƙanwata, ko ɗan ƙanwata ya kashe ɗana. Kasuwar Jugu kuwa dole motocinmu su bi ta cikinta.

A wannan halin Hauwa ta zo hutu, kuma ban taɓa ganinta a gajiye irin haka ba. Yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ana jefa bama-bamai har a wuraren da ake tace irin kurkum ɗin nan, kuma zaman sulhun da aka daɗe ana lallaɓawa ya watse. Ta ce mini aikin shekaru ne ya zube cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suke da makamin sun ƙara riƙe shi, waɗanda ba su da shi sun fara tunanin gara su nema. Na tambaye ta ko ke nan an gama. Ta ce a'a, in ana harbi ma akwai waɗanda ke ɗaukar saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan, don ranar da aka gaji da harbin a sami abin da za a zauna a kai. Tana cikin faɗar haka idonta ya kai bayan ƙofar ɗakina, inda na jingine bindigar. Ta tashi ta shiga wurin mahaifiyarta, Hajiya Mairo, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Washegari ta roƙi izinina za ta je Jugu gaida gwaggonta. Na ce ba da yawuna ba. Ta durƙusa ta ce ita ba saƙona za ta kai ba, zumunci za ta kai, kuma ba ta ji an ce an hana zumunci ba. Ta hau bas ta tafi.

Abin da yarinyar nan ta yi a makonnin da suka biyo baya, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na ga masu sulhu da yawa. Namu na gargajiya sukan tara mutane, su yi wa'azi, su ce a yafe, kowa ya tashi da abinsa a ciki. Hauwa ba ta tara kowa ba. Yau tana Jugu, jibi tana Paraku, a cikin bas ɗin nan mai cunkoso, ita da ta saba da jirgin sama. In ta dawo ba ta kawo mini zagin da aka yi mini, kuma na tabbata nawa ma a hanya take zubar da shi. Sai ta ce Baba Idi ya tambayi ƙafata da ke ciwo. Na ce ƙarya take. Ta ce wallahi ya tambaya, ko da yake cewa ya yi, "Ko gurguwar ƙafar nan za ta bar shi ya zo ya same ni?" Na yi dariya ban shirya ba, don na ji muryar Idi a ciki.

Duk lokacin da na ɗauko zancen wanda ya ƙona mota, sai ta ce a ajiye shi gefe tukuna. Ta ce a wurin aikinsu, in aka fara da wa ya fara, ba a kaiwa ga komai. Abin da ake fara nema shi ne kada a wayi gari da gawa. A hankali ta kai mu ga magana ɗaya, ni da Idi, ba tare da mun ga juna ba: kowa ya yarda a fitar da bindigogi daga gidajen biyu. Sai muka tsaya a inda ta ce manyan ƙasashe ma nan suke tsayawa. Na ce Idi ya fara, tunda su suka karya hannu. Idi ya ce in fara, tunda mu muka ƙona mota. Kuma kowannenmu ya ce ko ɗayan ya rantse ya fitar, wa ya san abin da ya bari a ƙarƙashin katifa?

A nan ne ta je wurin Inna Gambo. Inna ta tsufa ƙwarai a lokacin, ba ta fita ko ƙofar gida, amma hankalinta garau. Gidan mijinta shi ne masaukin fataken goro tun zamanin da ayari ke bi ta Jugu zuwa Gwanja. Hauwa ta tuna tana yarinya ta taɓa ganin wani tsohon takobi a ƙarƙashin gadon Inna, sai ta tambayi labarinsa. Inna ta ce al'adar masauki ce. Falke ba ya kwana da makami a gidan mutane. In ya sauka, a zaure yake miƙa takobinsa ko kwari da baka, a kai ɗakin uwargida, inda babu namijin da zai shiga ya ɗauko. Ranar tafiya a ba shi abinsa. Wannan takobin na wani ne da ya tafi ya manta, ko ya ga ba ya bukata. Amma akwai sharaɗi, in ji Inna. Kafin a karɓi na baƙo, mai gida yakan cire nasa a gaban idon baƙon, a fara shiga da shi. Baƙo shi ne mai tsoro, ba a ce wa mai tsoro ya fara.

Na san al'adar nan, kakana ya sha ba mu labarinta. Ban dai taɓa tunanin za ta biyo ni har gida ba. Hauwa ta same ni da hantsi bayan na karya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta kwashe duk abin da Inna ta faɗa ta gaya mini. Na ce to madalla, Idi ne mai gida a Jugu, sai ya fara.

"Baba," in ji ta, "kai da bakinka ka ce masa ya tuna a ƙasar wa yake zaune. Ka riga ka faɗi wane ne baƙo."

Na ji maganar har cikin ƙashina. Na ce in na ajiye shi bai ajiye ba fa? In aka tare Bashir a hanya hannu wofi, ita za ta dawo mini da shi?

"Ba zan iya yi maka alkawari ba," ta ce. "In na yi, na yi maka ƙarya. Abin da na sani shi ne, Baba Idi yana kwana da tsoron za a kore shi daga gidan da ya gina. Kai ba ka da wannan tsoron. Ni a can inda nake aiki, kullum roƙon masu ƙarfi muke yi su fara, ba su taɓa yarda ba. Ina so in ga ko sau ɗaya an yi, ko da a gidanmu ne."

Ta faɗi haka idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Na dube ta na ga ba yarinyar da nake tsokana ba ce. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, amma na ji wani alfahari da ya fi tsoron.

Maganar ƙarƙashin katifa ma ta riga ta samo mata hanya. Ta ce a aikinsu akwai masu bincike da ake turawa su shiga su gani da ido, don ba a ajiye makami a kan rantsuwa kawai. Gidajenmu kuwa na kulle ne, namiji baƙo ba ya wuce zaure. Amma mace tana shiga ko'ina, har ƙuryar ɗaki. Saboda haka Hajiya Mairo za ta je ta duba gidan Idi, Ladi kuma ta zo ta duba nawa.

Bashir ne ya tayar da ƙura. Ya ce jame, har abada shi ba zai miƙa wuyansa ga 'yan Nijar ba don wata ta karanta littafi. Na ce masa muddin a gidana yake kwana, abin da ya ɓoye zai fito. Ya fito da su ya dire a gabana, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma haya a unguwar Ganu. Na naɗe bindigogin uku a tsohon zanen Hajiya, muka shiga mota ni da Hauwa. Mun isa Jugu bayan azahar. A zauren Inna, a gaban limamin unguwa da wani maƙwabcin Idi da aka kira ya shaida, na miƙa ƙunshin. Wata jikar Inna ta karɓa ta shige da shi ciki. Aka kawo mini sakwara da miyar wagashi, cukun nan na Fulani, na ci, na jira. Idi bai zo ba.

Bai zo ranar ba, bai zo a makon ba. Wannan shi ne lokaci mafi ɗaci a rayuwata. Labari ya riga ni isa Gema. Direbobi suka yi taro suka ce shugaban da ya kai makaminsa garin abokan gaba ba zai iya tsare musu tasha ba, suka naɗa wani. Mutanen da na koya wa riƙe sitiyari suka riƙa sunkuyar da kai in na wuce. Duk motarmu da ta nufi Jugu, ba na samun sukuni sai na ji ta fita garin lafiya. Hutun Hauwa ya ƙare, ga wani babban taro da ta daɗe tana shiri dominsa. Ta yi waya ta nemi a tura wani a madadinta. Na ce ta tafi kada ta ɓata aikinta, abin da ya lalace ya riga ya lalace. Ta ce ita ta sa na ajiye, ba za ta bar ni a tsakiyar hanya ba.

Ta koma Jugu ta tare a ɗakin gwaggonta. Kullum da safe sai ta je zaure ta gaida Idi, ta zauna, ta yi masa hirar hanyar Arlit da ta ji a bakina. Ba ta ce masa ya ji kunya ba, ba ta ce Baba ya yi kai ba ka yi ba. Daga baya ta gaya mini ta lura ba mugunta ce ta hana shi ba. Bai san yadda zai fito da bindiga a gaban 'ya'yansa ba tare da an ce ya sare ba.

Sai ga Ladi a Paraku wata safiya, ba sanarwa. Rabona da ita tun kafin gobarar. Ta gaishe ni a tsaye kamar baƙuwa, ta ce an aiko ta dubawa. Ta kuwa duba. Ta ɗaga katifu, ta buɗe akwatuna, ta sa hannu a buhun masara, ta hau kujera ta leƙa saman sif. Ladi ta san gidan nan fiye da ni, a nan aka haife ta, ta san har ramin da mahaifinmu ke ɓoye goro. Da ta gama ɗakin ƙarshe, wanda yake na mahaifiyarmu ne a da, sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya, ashe da gaske ba ka bar ko ɗaya ba," ta ce.

Na ce ban bari ba. Ta ce duk hanya addu'a take kada ta samu, kuma tana tsoron in ba ta samu ba Alhaji ya ce ta rufa wa ɗan'uwanta asiri. Na ce ta je ta faɗi abin da ta gani, sauran na Allah ne.

Abin da ya faru a zauren Idi bayan ta koma, Ladi ce ta ba ni labari. Ta faɗi abin da ta gani a gaban 'ya'yanta. Sai Hauwa ta ce wa Idi ita ba ta zo ta ce ya ba da kai ba. Inna Gambo tana ta cigiyarsa, ta ce tun da ya yi gidan kansa ya daina sauka a wurinta. In ya je gaishe ta, ai baƙo ne a masauki, kuma kowa a Jugu ya san abin da baƙo ke yi a zaure. Babu wanda zai ce falke ya ji tsoro don ya bi al'adar masauki.

Aka aiko mini in zo ran Juma'a. Ina zaune a zauren Inna bayan an sauko daga masallaci, sai ga Idi da 'ya'yansa biyu a baya, da ƙunshi a hannu. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya yi sallama bai dube ni ba, ya miƙa ƙunshin aka shige da shi. Hajiya Mairo ta tafi gidansa da rakiyar Ladi, ta dawo ta ce ba komai. Aka ajiye kwano ɗaya a tsakaninmu, don haka al'adar take. Muka wanke hannu muka fara ci. Can sai ya tura mini tsokar nama gefena, kamar yadda yake yi a hanyar hamada in ya ga na gaji, ya ce wai har yanzu ina cin abinci kamar ana kora ta. Na ce shi kuma har yanzu Ba'adare bai iya cin sakwara ba. Iyakar sulhun ke nan. Ba wanda ya nemi gafara, ba wanda ya ambaci mota. Da na ɗaga kai na hangi Hauwa a bakin ƙofar cikin gida, ta jingina da bango ta lumshe ido, kamar wadda ta sauke tulu.

Ban koma shugabancin Gema ba, kuma ban nema ba. Bashir ya daɗe kafin ya sake cin abinci a gidana, har yanzu ma yana Ganu, in an yi zancen yakan ce sa'a kawai muka ci. Wataƙila yana da gaskiya. Amma 'ya'yansa da jikokin Ladi suna wasa tare ran sallah, kuma babu kabarin da muke ziyarta a kan wannan magana.

Ranar da Hauwa za ta koma Kwatano na raka ta tasha. Na tambaye ta tsakani da Allah, su waɗancan masu bom ɗin za su taɓa ajiyewa? Ta ce ba ta sani ba, mai yiwuwa ba a rayuwarta ba. Ta ce ba su sami ɗakin da duka suka yarda da shi ba, kuma har yanzu kowannensu gani yake shi ne baƙo mai tsoro. Amma za ta koma ta zauna, don in ranar ta zo a tarar da mutum a wurin. Tun daga lokacin ban sake ce mata mai yi wa kurame magana ba. In na ji a rediyo an ce an koma teburin shawara, nakan ce wa na kusa da ni 'yata tana cikin masu jera kujerun.

Allah ya yi wa Inna Gambo rasuwa a daminar da ta wuce. Bayan an yi sadakar bakwai, magadanta suka zo gyara ɗakin, suka tarar da ƙunshi biyu a ƙarƙashin gado kusa da tsohon takobin nan, tsatsa ta fara cin su. Suka aiko mana, ni da Idi, kowa ya zo ya ɗauki kayansa. Da yamma sai ga wayar Idi.

"Alhaji Garba, ka ji saƙon gidan Inna?"

Na ce na ji.

"To kai ka fara ajiyewa. Sai ka fara ɗauka."

Na ce masa ni mai gida ne, al'ada ba ta ce mai gida ya riga baƙo ɗauka ba, shi zai fara. Ya ce shi kam ba inda za shi, ya zama ɗan gari. Muka yi ta ja har katin wayarsa ya ƙare.

Suna can har yau. In wata rana kun je Jugu aka nuna muku su, ku gaida mutanen gidan, ku yi wa Inna addu'a, ku yi wa gwaggonku Hauwa. Kada wanda ya ɗauko.